Mahalban Tsibiri da Kwanakin Sallah

Tsibiri garin Gobirawa ne. Yana arewa maso yamma da Maraɗi, bisa hanyar Gidan Rumji. Tsakanin garuruwan biyu kamar kilomita 12 ne. Mai keke yana zuwa ya komo kafin azahar. Gulbin Maraɗi ya bi ta gefen garin. Da damina yana kawo ruwa daga ƙasar Katsina, da rani ya bar rairayi da fadama. Nan fadar Sarkin Gobir take. Nan kuma Inna take, wadda ke riƙe da sarautar mata da sha'anin bori tun kaka da kakanni.

Wanda ya zo Tsibiri da Sallah, dawaki zai fara gani, ya ji algaita da tambura. In ya duba gefen taro, zai ga waɗansu mutane da riguna masu duhu, layu rataye a jiki, kwari a kafaɗa. Su ne mahalba. Sauran kwanakin shekara ba a cika ganinsu wuri ɗaya ba. Wannan yana gona, wancan yana daji, wani ya tafi cin rani. Sallah ce ke tara su. Ga labarin abin da suke yi in sun rataye baka sun zauna gida.

Garin da kurmi ya tsare

Gobirawa ba nan suka fara zama ba. Babban birninsu na da shi ne Alkalawa, cikin Najeriya ta yanzu. A 1808 mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin, Sarki Yunfa ya mutu cikin yaƙin. A 1836 aka sake gwabzawa a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Bayan wannan ne Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Katsinawan Maraɗi, waɗanda su ma yaƙi ya koro daga birninsu.

A wancan zamani kwarin gulbi kurmi ne. Itatuwa sun haɗe, doki ba ya ratsawa da gudu. Kurmin nan ya zama garkuwar garuruwan biyu. Daga kudu kuma akwai babban daji tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara. Mutumin da ya san hanyoyin dajin, ya san inda ruwa ke kwana, shi ne idon gari. Mahalbi ke nan. Yana kawo nama, yana ganin sawun abokan gaba tun suna nesa, ranar yaƙi kuma yana fita da bakansa. Ƙauyuka da yawa cikin jihar Maraɗi, in aka tambayi tsofaffi asalinsu, sai su ce wani mahalbi ne ya fara kafa bukka a wurin. Shi ya sa mahalba ke da wurin tsayawarsu a ƙofar sarki.

Mahalbi daban, ɗan farauta daban

Jama'a da yawa na haɗa su, amma sana'a biyu ce. Ɗan farauta yana fita cikin gayya. Ana buga ganga, ana busa ƙaho, samari su fito da karnuka da gora da barandami. Su kewaye daji, su tayar da zomo, kowa ya bi da gudu. Cikin ƴan farauta akwai ƴan tauri, masu wasa da wuƙa.

Mahalbi shi kaɗai yake tafiya, ko da ɗansa, ko da yaron da yake koya ma aiki. Ba ya son hayaniya. Kayansa baka da kibiya, ko bindigar gargajiya wadda ake kira adaka. Yana iya kwana biyu ko uku cikin daji bayan sawu ɗaya. Yawanci halbi gado ne, ɗa ya karɓa daga uba. Mahalban gari suna da shugaba. Wani wuri ana ce masa sarkin mahalba, wani wuri sarkin baka, wani wuri sarkin dawa. Shi ke raba gardama in mutum biyu sun yi jayayya bisa nama ɗaya. Shi ke tsayawa gabansu ranar gaisuwar sarki.

Sallah na yawo cikin shekara

Watannin Musulunci da wata ake lissafinsu. Kowace shekara Sallah na matsowa baya da kamar kwana 11. Cikin shekara 33 ta kewaye damina da kaka da ɗari da bazara, ta komo inda ta taso. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo ƙarshen watan Maris, cikin zafin bazara. Sallar layya ta zo farkon watan Yuni, bakin damina.

Wannan lissafi ya shafi mahalbi. In Sallah ta faɗo cikin damina, ba daga daji zai komo ba, daga gona zai komo. Mahalbi manomi ne kamar kowa. Yana noma hatsi da dawa da wake. Da damina ciyawa ta yi tsawo, sawu ba ya ganuwa, zabin daji na kwance bisa ƙwai, namun daji na da ƙananan ɗiya. Hutunsa kwana ɗaya ko biyu ne, ya ɗauki hauya ya koma. In kuwa Sallah ta faɗo bayan kaka, rumbu ya cika, aikin gona ya ƙare, to hutun ya yi tsawo. Lokacin ne ake yin wasa mai kyau, baƙi su zo daga ƙauyuka su kwana.

Azumi ma wani hutu ne. Bin sawu cikin rana da ƙishirwa ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa sukan rage fita, su yi zaman gyaran kaya har ganin wata.

Gyaran kaya kafin Sallah

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanakin da suka gabaci Sallah, mahalbi na zaune cikin zaure ko ƙarƙashin inuwa, kayansa shimfiɗe bisa tabarma. Yana duba baka ko ya tsage. Yana shafa ma tsirkiya kitse don kada ta bushe ta tsinke. Yana jawo kibau ɗaya ɗaya daga kwari. Kibiyar Bahaushe ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Kyauro ne miƙaƙƙe, da kan ƙarfe mai kunne. Wadda ta lanƙwashe a gasa ta kaɗan a wuta a miƙe ta. Wadda kanta ya yi tsatsa ko kunnenta ya karye, a kai ma maƙeri.

Maƙera na samun ciniki a kwanakin nan. Haka dukawa, masu ɗinka kwari da kube da rufin laya. Mahalbi ba ya son ya fita gaban jama'a da laya ɓarkakka.

Akwai kibau masu dafi. Dafin daga tsiron kwankwani ake samunsa, yana tsayar da zuciyar dabba. Da Sallah gida cike yake da yara da baƙi. Saboda haka mahalbi mai hankali yana ware kibau masu dafi, ya ɗaure su, ya rataye can bisa inda hannun yaro ba ya kai. Waɗanda zai fita wasa da su, marasa dafi ne.

Karnuka ma na samun rabonsu. Ana cire musu kaska, a duba ƙafafunsu saboda ƙaya, a ɗaure su kada su shiga taron idi.

Ranar Sallah

Da hantsi jama'a su tafi masallacin idi. Mahalbi yana Sallah da farar riga kamar kowa. Sai an sauko ne yake komawa gida ya sa kayan gado: warki, riga mai layu, guru a ƙugu, kambu a damtse. Sarki ya hau, mahaya na biye, makaɗa na gaba. Masu adaka su ɗaga baki sama su saki. Ƙara ta cika gari, hayaƙi ya tashi, dawaki su yi rawa, mata su yi guɗa.

A ƙofar fada kowace ƙungiya na zuwa gaisuwa. Mahalba su zo bayan shugabansu, su durƙusa, su ɗaga baka. Su yi ma sarki barka da Sallah, a sa musu albarka. Daga nan su bi gidajen manya. Wani ya ba su goro, wani kuɗi, wani ƙwaryar hatsi.

A nan akwai abin lura. Bindigar biki albarushi kaɗai ake zuba mata da tsumma. Ba a sa dalma ko tsakuwa. Samari na son a ce tasu ta fi ƙara, sai su cika albarushi fiye da ƙima. Tsohuwar adaka ba ta ɗaukar haka. Tana iya fashewa ta tafi da yatsu ko ido. Tartsatsinta kuma in ya faɗa bisa shibci ko darni da rani, unguwa na iya ƙonewa kafin a jawo guga ɗaya. Saboda haka a riƙa saki a fili, nesa da rumbu, baki sama. Mai zuba albarushi kada ya tsaya kusa da mai shan taba. Yara su tsaya baya.

Aikin mahalbi ranar layya

Da Sallar layya ana neman mahalbi kamar yadda ake neman mahauci. Hannunsa ya saba da fiɗa. Yana cire fatar rago ba tare da ya huda ta ba. Fata mai huda kuɗinta ya ragu wurin majema. Maƙwabta su kira shi, ya fiɗe, a ba shi rabonsa.

A ƙasar Nijar al'adar layya ita ce a buɗe rago a tsire shi bisa itace biyu a giciye. A jera raguna kewaye da babbar wuta, su gasu sannu sannu har dare. Kashegari a raba. Mahalbi ya san wannan aiki tun daga daji, inda yake banda nama don kada ya lalace kafin ya iso gida. Ya san itacen da ke ba da garwashi mai daɗewa, kamar ƙirya da marke. Ya san wutar da ta yi kusa na ƙona baya ta bar ciki ɗanye. Ga shi zaune bakin wuta, yana juya rago, yara sun kewaye shi. Hira ta fara daga nan.

Komo da kirari

In la'asar ta yi sanyi, ko bayan sallar isha'i, sai a ji kiɗan komo. Komo babbar garaya ce mai tsirkiya biyu. Ita ce kiɗan mahalba. Makaɗi ya zauna tsakiya, mahalba su yi da'ira, jama'a su tsaya bayansu.

Makaɗin ya san kowa da asalinsa. Sai ya ɗauko taken wani, ya ambaci ubansa da kakansa, da dajin da suka shiga, da naman da suka kayar. Mai taken ba ya iya zama. Ya zabura, ya ɗaga baka ko gatari, ya yi kirari da babbar murya. Ya faɗi abin da ya yi, ya faɗi abin da ya gada. In ya gama ya yi ma makaɗi kyauta, ya koma ya zauna, wani ya tashi. Ƙarya ba ta da sauƙi a wurin nan. Tsofaffin da aka yi abin gabansu na zaune, suna ji.

Bayan kirari sai wasan kwaikwayon halbi. Wani ya zama barewa, yana kiwo, yana ɗaga kai yana shaƙar iska. Wani ya ɗaura burtu a goshi. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai yawo a ƙasa, namun daji ba sa tsoronsa. Mahalba na sassaƙa itace kamar wuyansa da kansa, su ɗaure a goshi, su lulluɓa da baƙin zane. Mai burtu ya duƙa, yana tafiya yana saran ƙasa kamar tsuntsu, yana matsowa kaɗan kaɗan. Barewa ta dube shi, ta ci gaba da kiwo. Yara su riƙe numfashi. Sai ya ja tsirkiya, barewa ta faɗi, wuri ya ɓarke da ihu. Daga wannan dabara ce Hausawa suka samu maganar shigar burtu.

Waɗansu kuma na nuna abin da suka ce sun gada na asiri, kamar layar zana da maganin ƙarfe. Masu kallo wasu su yarda, wasu su yi dariya. Malamai na yin wa'azi a kai. Amma kiɗa da kirari da wasan burtu, kowa na tsayawa ya gani.

Dara da hira

Kashegarin Sallah gari ya yi sanyi. Da hantsi dattawa su taru gindin tsamiya ko bedi. A share ƙasa a haƙa gurabun dara, jeri 5 sau 6, gurbi 30 ke nan. Kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Wannan ya ɗauki tsinke, wancan ya ɗauki tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Dara na son haƙuri da kafa tarko. Mahalbi ya saba da duka biyu. Ana yi ana ba'a, ana cin goro, ana shan shayi.

Gefen masu dara, hira na gudana. A nan ne yaro ke samun karatun daji. Tsoho ya shafe ƙasa da tafin hannu, ya zana sawu da yatsa. Ya ce ma jikansa ya faɗi na mene ne. Sawun gada ƙarami ne mai tsini. Sawun kura ya yi kama da na kare, amma ya fi girma, na ƙafar gaba kuma ya fi na baya. Zomo in yana gudu, ƙafafun baya na sauka gaban na gaba. Beguwa na barin ƙayarta bisa hanya. Guza da damo na jan wutsiya tsakanin sawu.

Ya koya masa iska. Mahalbi na ɗibar ƙura ya saki, ya ga inda ta nufa. Dole iska ta fito daga wajen nama ta zo gare shi. In ta ɗauki warinsa ta kai ma nama, aikin yini ya lalace. Ya koya masa bambancin sabon sawu da na jiya: na jiya gefensa ya zube, ƙwari sun bi ta kansa. Ya koya masa kukan tsuntsun da ke nuna ruwa na kusa, da wurin da kasa da kububuwa ke son kwanciya. Ya gaya masa abin da aka hana: ba a halbin mace mai ciki ko mai shayarwa, ba a kwashe ƙwan zabo duka, ba a barin dabba da kibiya a jiki a juya gida.

Makiyaya na zuwa wurin hirar nan. Su ke kwana daji da bisashe, su ke ganin abin da ke yawo da dare. Makiyayi ya ce dila ya dame shi a wuri kaza, ya ɗauke masa ɗan akuya. Mahalbi ya tambayi sawu, ya yi alkawarin zuwa bayan Sallah. Manomi ya kawo ƙarar gafiya ko kurege. Haka ake shirya aikin wata mai zuwa bisa tabarma ɗaya.

Magani a kasuwa

Mahalbi ya san itatuwa kamar yadda ya san namu. Kwanakin hutu yana shanya saiwa da sassaƙe da ganye, ya daka, ya ƙulla. Ranar kasuwar Tsibiri, ko Litinin da Juma'a a Maraɗi, ya shimfiɗa buhu ya jera kaya. Ga sabara, ga kalgo, ga sassaƙen marke na tari, ga sanya wadda ake ce ma uwar magunguna. Kasuwar jajibere da ta bayan Sallah na cika da baƙi, ciniki na tafiya.

Sanin itatuwa gado ne mai amfani. Amma akwai ciwon da ba a jira da shi. Wanda maciji ya sara, a kai shi gidan likita nan da nan, can ake da allurar dafi. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya har jini ya tsaya. Wanda mahaukacin kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, a tafi likita ranar nan. Yaro mai zazzaɓi da suma, shi ma haka. Mahalbin kirki da kansa yake cewa a tafi.

Yawon Sallah

Kwana na biyu da na uku na ziyara ne. Mahalban Tsibiri na da ƴan'uwan sana'a a Maraɗi da ƙauyukan gulbi. A Maraɗi da Sallah mahauta na hawan ƙaho, su tari bijimi da ƙirji gaban jama'a. Mahalba na zuwa kallo, don su ma sun san abin da ƙaho ke yi.

Kudu da Maraɗi akwai Jiratawa. A farkon shekarun 1980 aka gyara fadamarta don noman rani. Yanzu garin ya yi suna da zogale. Ɗiyan mahalba da yawa a can aikin garka suke yi, suna ban ruwa. Gaba kuma ga tafkin Madarumfa, inda tsuntsayen ruwa ke sauka da ɗari. Gaba da nan, wajen iyakar Najeriya, ga dajin Babban Rafi. Cikin shekarun 1980 da 1990 giwaye na shigowa dajin daga Najeriya. Tsofaffi na ba da labarinsu har yau. Tun wajen 2019 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan iyaka cikin Madarumfa da Gidan Rumji, shiga daji mai nisa ya zama abin tsoro.

Akwai wani biki da ya shafi mahalba, ban da Sallah. Shi ne buɗin daji. Al'adar Arna ce, masu bin addinin gargajiya. Bayan kaka, dattawa su fita daji su yi abin da suka gada, su faɗi yadda suke ganin shekara za ta kasance. Sai an buɗe daji ake fita farautar gayya. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya zauna kwarin Maraɗi ya rubuta al'adun Arna cikin littafinsa na 1975. Buɗin dajin da ya fi suna a Nijar shi ne na Masalata, kusa da Birnin Kwanni. Abin lura cikin al'adar nan shi ne, mutanen da sun san daji na da lokacin rufewa da lokacin buɗewa.

Ina naman ya tafi?

Wanda ya saurari kirari da kyau zai ji sunan ɓauna da gwanki da zaki da jimina. Yaron da ke tsaye wurin bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Abin da ya rage kewayen Tsibiri ƙananan namu ne: zomo, kurege, bushiya, gafiya, damo, fakara, zabon daji nan da can.

Dalilan a fili suke. Jama'a ta ƙaru. A ƙidayar 1977 mutanen jihar Maraɗi ba su kai miliyan 1 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 3 da dubu 400. Kowane baki na son gona. Noman gyaɗa na shekarun 1950 da 1960 ya cinye daji mai yawa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyawa. Wutar daji ta ƙone sauran. Bindigar zamani da mota da fitilar dare na kashe cikin dare ɗaya abin da baka ba ya kashewa cikin shekara.

Cikin shekarun 1970 gwamnati ta hana farauta a ƙasa duka. Hanin ya wuce shekara 20. Ranar 29 ga watan Afrilu 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 bisa farauta da tsaron namun daji. Dokar ta san da farautar gargajiya, amma da takardar izini, kuma cikin lokacin da aka buɗe. Ta hana farauta da wuta, da guba, da mota, da farautar dare. Akwai namun da ba a taɓawa ko kaɗan, kamar raƙumin dawa da giwa da jimina. Mai son bayani ya je wurin ma'aikatan gandun daji. Kwanakin Sallah, da kowa ke gida, lokaci ne mai kyau da sarkin mahalba zai tara mutanensa a yi wannan magana.

Akwai kuma labari mai daɗi. A arewacin jihar, cikin ƙasar Dakwaro, akwai gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. Faɗinsa hekta dubu 76. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka sake su can, bayan shekaru masu yawa babu su. Cikin gonaki kuma, tun 1983 aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi. Manomi ba ya tumɓuke kututture. Yana barin tsiro biyu ko uku su girma. Gawo da kalgo da sabara suka komo gonaki. Inda itace ya komo, zomo da fakara na samun maɓoya, bisashe na samun inuwa da abinci.

Abin da kwanakin nan ke riƙe da shi

Da, yaro a daji yake koyon halbi, yana bin ubansa da goran ruwa. Yanzu dajin ya matse, fita ta yi wuya. Sanin sawu da iska da itatuwa ya koma cikin kan tsofaffi. Wurin da ya rage a ji shi shi ne bakin wutar layya, da da'irar komo, da gindin itacen dara. In tsoho ya rasu bai faɗi ba, abin ya tafi ke nan.

Sanin nan ba na mahalbi kaɗai ba ne. Da shi ake bin sawun saniyar da ta ɓata. Da shi ake gane macijin da ya yi sara. Da shi ake sanin itacen da ya kamata a bari cikin gona. Manomi na bukatarsa, makiyayi na bukatarsa.

Saboda haka, wanda ke da tsohon mahalbi a gida ko a unguwa, ya tura yara su kai masa gaisuwar Sallah, su zauna su saurara. Samarin da suka komo daga cin rani su ajiye waya su tambayi kakansu. Masu adaka su kiyaye albarushi. Ƴan farauta su bar sa ma daji wuta, don ciyawar da ta ƙone cimakar bisashe ce. Mahalbi ya huta da Sallah, a bar daji shi ma ya huta lokacinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai an bar barewar ta haihu.

Allah shi maimaita, Allah shi kai kowa Sallar baɗi lafiya.